Daga Littafin Haraji zuwa Takardar Tambayoyi: Tarihin Auna Aikin Hukuma a Ƙasar Zurmi

Duk hukumar da aka kafa domin wata manufa, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, akwai ranar da za a tambaya ko tana yin aikin da aka ɗora mata, kuma hanyar da ake bi a amsa wannan tambaya ita ce masana harkar gudanarwa suke kira auna ƙwazon hukuma, wato tattara shaidar da za ta nuna abin da hukumar ta ci na dukiya da lokaci, da abin da ta fitar, da kuma amfanin da ya isa ga mutanen da ake yi wa hidima. A yau wannan fanni yana da mujallunsa da malamansa, kuma da wuya a shiga ɗakin karatun sashen mulki ko na kasuwanci a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano da Gusau, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983, ba a tarar da tarin kundayen ɗalibai a kansa ba. Sai dai awon ya girmi fannin nesa ba kusa ba, kuma ƙasar Zurmi da maƙwabtanta Ƙauran Namoda da Shinkafi, a arewacin Jihar Zamfara, ta ga ma'aunai iri-iri sun zo sun wuce. Abin da tarihin yankin yake nunawa shi ne cewa a kowane zamani ma'aunin yakan bi buƙatar wanda ake kai wa rahoto, kuma binciken masana yakan bi sawun ma'aunin da yake ci a lokacin.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da yin rubutu a kan yadda shugaba zai sa ido a kan waɗanda ya naɗa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammad al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wasiƙa a kan wajiban sarakuna, inda ya ja hankalinsa ga bincikar halin ma'aikatansa da ƙididdige dukiyarsu kafin a naɗa su, domin a gane idan ta ƙaru ta hanyar da ba ta dace ba, kuma wannan koyi ne da abin da aka ruwaito na Sayyidina Umar da gwamnoninsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bi wannan layi a littafinsa Diya'ul Hukkam, wanda ya rubuta a Kano a farkon shekarun jihadi, shi kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi. Bayan jihadi Fulanin Alibawa ne suka riƙe wannan yanki, Abu Hamid yana Zurmi da sarautar Sarkin Zamfara, Namoda kuma, jarumin da garin Ƙaura ya ɗauki sunansa, yana daga cikin manyan mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a gabas. Sakkwato tana lura da irin waɗannan ƙasashe ta hannun ƙofa, wato babban bafade ko ɗan majalisar da saƙo da ƙara da gaisuwar wata ƙasa suke bi ta wurinsa. Abin da ake aunawa a wannan tsari shi ne mutumin da kansa, amanarsa da adalcinsa da biyayyarsa, da ko ya kawo mayaƙa in an kira, da ko talakawa sun kawo kukansa. Marigayi Mahmud Tukur, wanda ya shugabanci Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki ta Kongo a Zariya kafin ya zama shugaban Jami'ar Bayero na farko, ya ba da shekaru yana nazarin waɗannan ƙa'idoji, kuma littafinsa na 1999 a kan shugabanci da ɗabi'u yana daga cikin 'yan ƙalilan da suka yi ƙoƙarin auna aikin gwamnatin zamani da ma'aunin da ya fito daga cikin ƙasar.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai awo ya koma kan takarda, kuma takardar ta haraji ce. Dokar kuɗin shiga ta 1906 da littafin umarnin da Gwamna Lugga ya raba wa jami'ansa a wannan shekara, wanda aka sake gyarawa a 1918, sun mai da kimanta haraji babban aikin Baturen gunduma. Zurmi da Ƙauran Namoda da Moriki da Isa suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, wato hukumar gargajiya da Sarkin Musulmi yake shugabanta, kowace da uban ƙasarta da malamansa. Aikin kimantawa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Di'o, wato Baturen gunduma, ko mataimakinsa yakan fita rangadi a kan doki, ya sauka gari-gari, a ƙidaya gidaje da maza balagaggu, a auna wasu gonaki a matsayin samfuri, a tambayi damman gero da dawa nawa gona takan ba da, a je kasuwa a ji farashi, a lissafa maƙera da masaƙa da marina da mahauta, sannan a yanke wa gari jimillar abin da zai biya, a bar wa dagaci da dattawa su raba a tsakanin magidanta. A Kano har aka horar da malaman taki, masu auna gona da taku. Daga wannan aiki ne rahotannin kimantawa da littattafan gunduma suka fito, waɗanda da yawansu suke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma duk da cewa an rubuta su ne domin karɓar kuɗi, har yau suna daga cikin mafi cikakken bayanin da mai bincike zai samu a kan ƙauyukan Lardin Sakkwato a farkon ƙarni na 20.

A wannan tsari, uban ƙasa nagari shi ne wanda ya kammala haraji da jangali a kan lokaci, ba gibi, ba tarzoma, kuma littattafansa sun yi daidai da rasit. Haka ma hukumar kanta. H. R. Palmer ya fara gwada baitulmali a Katsina, wato asusun da ake zuba rabon En'e daga haraji a riƙa biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi daga ciki, kuma daga 1911 tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. Daga baya gwamnati ta kasa baitulmalin aji-aji, akwai cikakku masu tsari, da masu rabin tsari, da waɗanda ba su kai ba, kuma ajin da hukuma take ciki shi yake yanke kason da za ta riƙe, wanda ya fara daga rabi, ya kai kashi 70 cikin 100 ga cikakku a ƙarshen shekarun 1920. Ta haka aka jera hukumomin Arewa bisa ƙwazo aka kuma ɗaura lada a kan jerin. Abin lura ne cewa a shekarar 1911 ɗin nan ce Frederick Taylor ya fitar da littafinsa a Amurka a kan gudanar da aiki bisa ƙa'idar kimiyya, wanda ya ginu a kan riƙe agogo a auna motsin lebura, kuma ba da jimawa ba kamfanin DuPont ya ɓullo da lissafin ribar jari, wato raba riba da kuɗin da aka zuba domin a kwatanta sassan kamfani. Masu masana'antu da masu mulkin mallaka ba su yi shawara da juna ba, amma tunaninsu ɗaya ne: wanda yake nesa yana son lamba guda da za ta gaya masa halin da wurin da bai gani ba yake ciki.

Illar irin wannan lamba ba ta ɓoyu ba. Ana karɓar jangali da damina, lokacin da shanu suke zaune a mashekari, kuma tun da ƙasar Zurmi tana bakin iyaka da yankin Maraɗi da Faransa take mulka, makiyayin da ya ga an matsa masa yana da hanyar raba garke ko tsallakawa da shi har malamin jangali ya wuce, shi kuma uban ƙasa da aka yanke wa adadi bisa na bara dole ya cike gibin daga waɗanda suka tsaya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta Gusau a 1929, aka sami ƙarin ma'auni, wato yawan gyaɗa da audugar da ta hau sikelin kamfanoni, kuma da yake da kuɗi ake biyan haraji, lokacin karɓarsa ya zo daidai da lokacin kaka da ciniki. Rahoton shekara zai iya nuna gunduma tana ci gaba domin haraji ya cika kuma tan-tan na gyaɗa sun ƙaru, alhali rumbunan hatsi sun ragu. Masana sun zo sun ba wa wannan cuta suna daga baya, domin a 1956 V. F. Ridgway ya buga wata maƙala a kan munanan sakamakon auna aiki, inda ya kawo misalin wani ofishin sama wa mutane aiki a Amurka da ake auna ma'aikatansa da yawan mutanen da suka gana da su, sai suka duƙufa wajen ganawa da sauri suka bar ainihin aikin nema wa mutanen gurbi.

Binciken ilimi na farko a kan waɗannan hukumomi bai damu da lambobi sosai ba, tambayarsa ita ce ko tsarin mulki ta hannun sarakuna yana da kyau. Margery Perham ta fitar da littafinta a kan mulkin En'e a Nijeriya a 1937, M. G. Smith ya bi da nasa a kan sarautar Zazzau a 1960, C. S. Whitaker kuma ya rubuta a kan siyasa da gargajiya a Arewa a 1970. Amma wanda ya tilasta a auna En'e da idon talaka ɗan ƙasa ne, domin a watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a majalisar Kaduna yana neman a binciki tsarin gaba ɗaya a gyara shi. Jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto, kuma daga wannan yunƙuri aka sami majalisun gunduma da dokar En'e ta 1954. A shekarar ce kuma makarantar horar da akawuna ta Zariya ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a can aka horar da ma'aji da akawu da magatakarda na kusan kowace En'e a Arewa. Abin da ake koyarwa shi ne kasafi da bauca da rasit da binciken odita, don haka ma'aunin wannan zamani ya zama bin ƙa'idar kashe kuɗi. Ƙarfin wannan ma'auni ya bayyana a Kano, inda binciken da D. J. M. Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ko da yake masana tarihi ba su daina muhawara a kan rabon siyasa a cikin lamarin ba. Daga baya 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin: A. D. Yahaya ya yi nazarin En'e ta Zariya tsakanin 1950 da 1970, Garba Nadama kuma, wanda ya zo ya yi gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1977 a kan tasowar daular Zamfara da rushewarta.

Ana cikin haka wani tunani ya taso a Amurka. A 1954 Peter Drucker ya yaɗa tsarin gudanarwa bisa manufa, wato shugaba da na ƙasa da shi su zauna su amince a kan abin da za a cim ma cikin shekara, sannan a auna mutum da wannan alkawari. Tunanin ya iso Nijeriya ta hannun hukumar Jerome Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta miƙa rahoto a 1974, ta ba da shawarar aikin gwamnati mai neman sakamako, da kasafi mai bin shirye-shirye, da jera ma'aikata a mataki 17, da kuma soke rahoton sirri da shugaba yake rubutawa a kan na ƙasa da shi. Abin da jama'a suka riƙe daga rahoton shi ne ƙarin albashi da ariyas, da tsadar kayan da ta biyo baya, sannan korar dubban ma'aikata da gwamnatin Murtala ta yi a 1975 ta koya wa waɗanda suka rage cewa kare kai ya fi ƙwazo muhimmanci. Abin da ya wanzu shi ne takardar kimanta aikin shekara da ma'aikata suka fi sani da APER. Ma'aikaci yakan cike kashin farko da kansa, ya rubuta ayyukansa da kwasa-kwasan da ya halarta, shugabansa ya ba shi maki a kan zuwa aiki da hazaƙa da mu'amala, a mayar masa ya gani ya sa hannu, sannan wani babba ya tabbatar. Tun da maki a buɗe yake, kuma mai bayarwa da mai karɓa gari ɗaya suke, masallaci ɗaya, wataƙila ma da surukuta a tsakani, kusan kowa yakan fito da maki mai kyau, kuma sau da yawa sai lokacin ƙarin girma ya ƙarato ake neman takardun shekaru uku a cike su a zama ɗaya. A 'yan shekarun nan ofishin shugaban ma'aikatan tarayya ya sanar da maye gurbin takardar da sabon tsari.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya fi komai sauya lissafi a yanki irin na Zurmi. An rushe En'e, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin ƙasa masu yawan jama'a tsakanin 150,000 da 800,000, Ƙauran Namoda ta zama hedikwata, daga baya Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji kowace ta sami tata, kuma a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato da ƙananan hukumomi 14. Kuɗin fetur ya maye gurbin haraji da jangali, waɗanda gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke a 1979, sauran wurare ma suka mutu sannu a hankali. Ba wanda zai yi kewar zaluncin da ya dabaibaye karɓar haraji, amma ya kamata a faɗi abin da ya tafi tare da shi. Hukumar da take rayuwa da kuɗin magidanta dole ta san yawansu da ƙauyukansu da halin gonakinsu, ita kuwa wadda kasonta yake zuwa daga Abuja ta asusun haɗin gwiwa na jiha ba ta da wannan larura. Saboda haka binciken masana daga shekarun 1980 ya karkata ga tambayoyi uku da ake ta maimaitawa, wato ƙarancin kuɗin shiga na cikin gida, da katsalandan na gwamnatin jiha, da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, kuma kwamitin Ibrahim Dasuki na 1984 ma a wannan fili ya yi aiki. Kaɗan ne suka sauka har bakin ƙofar asibiti, kamar binciken da Bankin Duniya ya yi a 2002 a ƙananan hukumomi 30 da cibiyoyin lafiya 252 a jihohin Kogi da Legas, wanda Stuti Khemani ta nuna a cikinsa cewa rashin biyan albashin ma'aikatan lafiya a Kogi bai dogara ga yawan kason da hukuma take samu ba.

A ƙasashen waje kuwa fannin ya shiga wani juyi. Tun shekarun 1960 masana suke jayayya a kan ma'anar nasarar hukuma, wasu suna cewa cim ma manufa ce, wasu suna cewa iya jawo dukiya da goyon baya daga waje ce, wasu kuma gamsar da duk masu ruwa da tsaki. A 1987 Thomas Johnson da Robert Kaplan suka yi zargin cewa lissafin akantoci ya tsufa, yana ba da labarin jiya kawai, kuma a 1992 Kaplan da David Norton suka fito da daidaitaccen allon awo, wato duba hukuma ta fuska huɗu a lokaci guda: kuɗi, da abokan hulɗa, da yadda ake tafiyar da aiki a ciki, da koyo da sabuntawa. Rubutu ya yi ambaliya, har Andy Neely ya ƙidaya maƙaloli 3,615 a kan auna aiki tsakanin 1994 da 1996 kaɗai. A ɓangaren gwamnati, abin da Christopher Hood ya kira sabon salon gudanar da aikin gwamnati a 1991, wato aro dabarun kamfanoni da ɗaukar ɗan ƙasa a matsayin abokin ciniki, shi ya haifi SERVICOM a Nijeriya a 2004, da allunan alkawarin hidima da aka rataya a ƙofofin ma'aikatu. Yawan rubutun bai kawo daidaito ba. Wani nazari da Pierre Richard da abokansa suka buga a 2009 ya duba maƙaloli 213 a manyan mujallu ya tarar da ma'aunin ƙwazo iri 207, kamar kasuwar hatsi da kowane mai awo ya zo da tiyarsa, ba yadda za a ce ga wanda ya fi araha.

Wannan zamani ne ya ba wa kundayen jami'o'in Arewa siffar da suke da ita a yau. Take yakan kasance tasirin wani abu a kan ƙwazon hukuma, ko horo ne, ko salon shugabanci, ko ƙarfafa gwiwa, ko amfani da kwamfuta. Ɗalibi yakan ƙayyade yawan waɗanda zai tambaya da teburin Krejcie da Morgan na 1970 ko da dabarar Yamane, ya raba takardar tambayoyi mai zaɓi biyar, daga na yarda ƙwarai zuwa ban yarda ba sam, ya zuba amsoshin a manhajar SPSS, ko kuma a SmartPLS wadda ta yaɗu bayan malamai da yawa sun dawo daga karatu a Malesiya da tallafin TETFund, sannan ya fito da sakamakon cewa akwai dangantaka mai ƙarfi. An sami ci gaba na gaske a nan, domin ƙwarewar lissafi ta ƙaru ƙwarai, amma akwai rauni a gindin ginin. Mutum ɗaya ne ake tambaya ko ana horar da shi, shi ne kuma ake tambaya ko hukumarsa tana ƙoƙari, kuma wanda yake jin daɗin wurin aikinsa zai amsa duka biyun da alheri, don haka dangantakar da lissafi ya nuna tana iya zama ta halin mai amsawa kawai. Masana sun san wannan matsala, suna kiranta son zuciyar tushe guda, kuma akwai gwaje-gwajen da ake yi domin rage ta, amma ba gwajin da zai mai da ra'ayin akawu a sakatariya ya zama shaidar cewa famfo yana kawo ruwa a Dauran ko a Kware. Ga kuma batun wuri: bankuna da jami'o'i da ma'aikatun Gusau su ne suke da sauƙin kaiwa, su ne kuma suka cika kundayen.

Binciken da ya fi kowane nuna wata hanya a Nijeriya shi ne na Imran Rasul da Daniel Rogger, wanda aka buga a 2018. Bayan yafe wa ƙasar bashin dala biliyan 18 da ƙungiyar masu ba da lamuni ta Paris ta yi a 2005, gwamnati ta kafa tsarin bin diddigin ayyukan da aka yi da kuɗin, inda aka tura injiniyoyi masu zaman kansu da ƙungiyoyin sa-kai su je su ga kowane aiki da idonsu, tun da gani ya kori ji. Masu binciken suka ɗauki bayanan ayyuka kimanin 4,700 na hukumomin tarayya 63, da suka haɗa da rijiyoyin burtsatse da gine-gine da madatsun ruwa, suka haɗa su da wani bincike dabam a kan yadda ake tafiyar da kowace hukuma. Sun tarar kashi 38 cikin 100 na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne hukumomin da suke sakar wa ma'aikatansu mara su yanke shawara sun fi kammala aiki, waɗanda kuma suka fi yawan sa ido da ɗaura lada a kan maki sun fi barin aiki a hanya, musamman idan aikin mai sarƙaƙiya ne. Bayanin da suka bayar ya yi kama da na Ridgway, wato ma'aikacin da ake aunawa da takarda yakan mai da ƙarfinsa ga takardar.

Duk da wannan gargaɗi, masu ba da tallafi sun ƙara rungumar biya bisa sakamako. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018 da dala miliyan 750, ya riƙa ba jihohi kuɗi idan sun wallafa kasafinsu da rahoton odita a intanet a kan lokaci, ko sun tace jerin masu karɓar albashi da lambar banki, kuma saboda shi takardun kuɗin jihohi da a da sai da hanya ake ganinsu suka fito fili. Sai dai ma'aunin yana tsayawa ne a kan fitowar takarda. A fannin lafiya, cibiyar bin diddigin haihuwa da mutuwa da aka kafa a Nahuce, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ta nuna cewa ana iya ƙidayar gida-gida a Zamfara idan an so. Amma a arewacin jihar matsalar tsaro ta sa mai awon kansa ba ya iya zuwa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe ita ce ta 2006, wadda ta ba Zurmi mutum kusan 294,000, Ƙauran Namoda kimanin 281,000, Shinkafi kuma kimanin 136,000, kuma duk wani kaso da ake faɗa na rigakafi ko na shiga makaranta a kan hasashen da aka gina bisa waɗannan lambobi yake, alhali ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu sun taru a manyan garuruwa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya da makarantu da kasuwannin mako a jihar. Shi ya sa ɗaya daga cikin lambobin da suka fi ƙarfi a kan yankin a 'yan shekarun nan ta fito daga ƙungiyar likitocin MSF, wadda take aiki a asibitocin Zurmi da Shinkafi, kuma a tsakiyar 2024 ta auna damtsen yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, ta tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ba halal ba ne gwamna ya riƙe kuɗin ko ya ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya riga ya raunana uzurin da bincike ya daɗe yana dogara da shi, na cewa ba za a iya auna hukumar da ba ta riƙe da kuɗinta ba. Kayan aikin da mai bincike zai buƙata suna nan a warwatse: kason kowace ƙaramar hukuma na wata-wata ana wallafa shi daga Abuja, rahoton babban odita na ƙananan hukumomi yana zuwa majalisar dokoki a Gusau, rajistar marasa lafiya tana cibiyoyin lafiya, ta ɗalibai kuma tana ofishin sakataren ilimi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nazarin da zai ɗauki kasafin shekara guda na Zurmi ko na Shinkafi, ya bi ajujuwa da rijiyoyi da ɗakunan shan maganin da aka rubuta a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wanda yake tsaye, da wanda aka fara aka bari, da wanda yake a ƙauyen da mutanensa suka tashi.